Kafin Turmin Danya: tsofaffin finafinan da na kalla a ɗaki

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwan da data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar fim za mu yi, amma ba wanda ake yayi ba. In ka tare matashi a Kano ko Kaduna ka tambaye shi yaushe aka fara fim a yankin nan namu, in ya san tarihi sosai zai ce maka 1990, Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa. Kuma bai yi ƙarya ba, in dai fim ɗin kaset ake nufi, wanda ya haifi masana'antar da daga baya aka laƙaba wa Kannywood. Sai dai tun farkon shekarun 1960 akwai wasu mutane a Yamai, ɗaya bakanike, ɗaya tsohon soja ɗan dako, da suke ɗaukar fim da ƙaramar kyamara, babu kamfani babu ɗakin ɗauka, har aikinsu ya kai Cannes da Mosko. A makonnin nan na bi finafinansu ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta a ɗakina. Wasu a YouTube na same su, hoto dishi-dishi, wasu kuma wani aboki ne ya zuba min a filashi. Zan faɗa muku yadda na ga kowanne, da abin da ya haife shi. Sunayen mutanen zan rubuta su yadda Faransawa suka rubuta, Oumarou maimakon Umaru, don in kun je nema da haka za ku same su.

Da farko ku sani, a ƙasashen da Faransa ta mallaka, rashin fim ɗin 'yan ƙasa ba lalaci ba ne, doka ce. A 1934 aka kafa dokar da ake kira da sunan Laval, ministan ƙasashen mallaka na lokacin, wadda ta ce ba mai ɗaukar fim a Afirka sai da izinin hukuma, kuma a aikace baƙar fata bai samun izinin nan. Shi ya sa a 1955 da Paulin Vieyra da abokansa ɗalibai suka so yin fim, a Faris suka yi shi, suka sa masa suna Afrique-sur-Seine. A ɓangarenmu na Ingilishi kuwa majigi aka kawo mana: mota ta zo ƙofar fada da dare, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa talakawa yadda ake noman auduga da wanke hannu. Mu ne 'yan kallo, mu ne kuma abin kallo, amma ba mu ne masu riƙe da kyamara ba.

To, Oumarou Ganda. An haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara sha shida ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochina, wato yankin Biyetnam na yau. Ya dawo gida bai sami aiki ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. A can ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai binciken al'adu da ke bin 'yan ci-ranin Nijar da kyamara. Rouch ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, ma'ana "Ni, baƙar fata". Da shi na fara kallo, duk da ba na ɗan Afirka ba ne, don daga nan zaren ya faro. An ɗauki hoton ba murya, daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon kansa yana magana a kai, yana kiran kansa da sunan wani jarumin Amurka, Edward G. Robinson. Wurin da ya fi tsaya min shi ne kusa da ƙarshe, yana tafe a bakin ruwa yana kwaikwayon yadda suka yi yaƙi, ya faɗi ƙasa, ya tashi, ya yi kamar yana jifa da gurneti. Fim ne mai rai, ba na musu. Amma kana kallo kana jin cewa labarin na Ganda ne, sunan da ke kan fim ɗin na wani ne. Rouch ya ci babbar kyauta da shi a Faransa. Ousmane Sembène na Senegal kuwa daga baya ya gaya wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka ne kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Shekara goma bayan nan Ganda ya ba da labarin da kansa. Cabascabo, 1968, minti arba'in da biyar, baƙi-da-fari, da Zabarmanci, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a jarumi. Tsohon soja ne ya dawo daga Indochina da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya ɗauka, abokai suka yi masa caa, maroƙa na kirari, mata na murmushi, shi kuma yana ta rabo yana ba da labarin fagen daga. Kuɗi suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki, ya tarar kakin da ya sa wa Faransa ba ya sayen ko ƙwaryar gero. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi daji, kuma fim ɗin bai gaya maka ko noma zai koma ko wani abu ne a ransa ba. Wallahi duk wanda ya taɓa ganin ɗan unguwarsu ya dawo daga Libiya ko Saudiyya da 'yan kuɗi, wata uku ana ce masa yallaɓai, wata na huɗu yana neman bashin kati, ya riga ya san fim ɗin nan tun bai kalla ba. Wuraren yaƙin suna da rauni, mutane kaɗan ne, kana gani ka san ba a Asiya aka ɗauka ba. Ban damu ba. Yaƙin da ya dame shi ba can yake ba, a gida yake. An nuna shi a Cannes a 1969, ya kuma karɓi kyauta a Mosko a shekarar. A duk waɗanda na kalla shi ne na farko a wurina.

Na biyunsa, Le Wazzou polygame, shi ne wanda in aka fito da shi yau a Kano sai an yi mako ana faɗa a Facebook. Kalmar wazzou ɗin nan ku saurare ta da kyau, 'yar uwar wa'azi ce tamu. Wani mai hali ne ya dawo daga Makka an fara ce masa Alhaji, yana da mata biyu, sai ya ƙyalla ido kan wata yarinya, Satou, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Iyaye suka ga kuɗi da rawani, suka manta alkawari. Garba ya bar gari. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ce ba za a yi da ita ba, ta shirya kashe amarya, sai aka yi kuskure, ƙawar amarya ce ta mutu. Abin da na so a nan, Ganda bai tsaya zagin addini ba, kuma bai mai da kishiya ita kaɗai shaiɗaniya ba. Ya bi sawun kuɗin ne, daga hannun wa suka fita, bakin wa suka rufe. Wata gwaggona da ta leƙo tana kallo tare da ni, ba ta jin Zabarmanci ba ta jin Faransanci, minti goma kawai ta yi ta ce, "Wannan Alhajin ai na san irinsa." A 1972, shekarar da bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Yennenga, wannan fim ne ya fara ɗaukarta. Ku riƙe wannan: na farko a duk nahiyar, daga Nijar. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara arba'in da biyar. Akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai, kuma kyautar da FESPACO ke ba wa fim ɗin farko na sabon darakta ita ma sunansa take ɗauke da shi.

Shi kuma bakaniken, Moustapha Alassane, wani irin mutum ne daban. Ganda mai ɗaure fuska ne, Alassane ɗan barkwanci. An haife shi a 1942, ya iya zane, shi ma ta hannun Rouch ya shiga harkar, ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke sa zane ya yi motsi. Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aouré, wato aure dai da kuka sani. Yana da wani ɗan katun na minti biyar, Bon voyage Sim, na 1966: shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabta, ga fareti, ga jawabi, ga kumbura wuya. Ku tuna a shekarar ce sojoji suka kifar da gwamnati a Najeriya da Gana da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mutum ya zauna a Yamai yana zana shugabanni a siffar kwaɗi a irin wannan lokaci, ai ka san ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Daga baya ma ya yi wani da 'yan tsana mai suna Kokoa, kokowar gargajiya ce sak, da alƙali da 'yan kallo, sai dai 'yan kokowar dabbobi ne. In kuna da ƙanne ku nuna musu shi.

Amma wanda ya sa na yi dariya har na tsayar da shi na koma baya shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma 1966, mai launi, ɗan sama da rabin awa. Wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati. Tsarabar da ya kawo wa abokansa ita ce kayan kaboyi: malafa, takalma, bindigogi. Kowa ya sa, kowa ya canza suna, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar cikinsu ta zama Sarauniya Christine. Suka samo dawaki, suka shiga sukuwa a daji, ga raƙuman dawa na gudu a gefensu. Daga wasa sai sata, daga sata sai duka, dattawan gari suka rasa yadda za su yi da 'ya'yan da suka haifa, har abin ya kai ga jini. Mutane suna cewa fim ne kan yadda silima ke lalata tarbiyya, kuma akwai wannan a ciki. Ni dai abin da na gani, Alassane da kansa yana son finafinan kaboyin nan, yana jin daɗin malafar da sukuwar kamar yadda yaran ke ji. Bai tsaya daga nesa yana nuna su da yatsa ba. Duk muhawarar da muka shekara ashirin muna yi kan rawa da waƙar Indiya a fim ɗin Hausa, ko kwaikwayo ne ko mayar da abu naka ne, mutumin nan ya riga ya zuba ta a minti talatin da 'yan kai tun iyayenmu suna yara. Ƙarshen ya zo a gaggauce, kamar fim ɗin ɗauka ne ya kusa ƙare musu, wannan kam aibi ne. Alassane ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, yana da otal, ya mai da wasu ɗakunan wurin aikinsa. Ya rasu a 2015. Bayan shekara biyu babban gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya shirya nuna finafinansa a jere. A nan kuwa, tsakanin Tawa da Sakkwato tafiyar 'yan awoyi ce, amma ku gwada tambayar sunansa a Sakkwato.

Akwai fuska ɗaya da za ku yi ta gani a duk finafinan nan: Zalika Souley. Ita ce Sarauniya Christine a kan doki, tana cikin Cabascabo, ita ce Gaika mai kisa. An haife ta a 1947, tana cikin matan farko a Afirka ta kudu da Sahara da suka riƙi fim a matsayin sana'a. Da yake rawar karuwa da muguwar kishiya aka fi ba ta, mutanen gari suka kasa raba fim da gaskiya, ta sha zagi a titi. 'Yan matan Kannywood na yau za su gane wannan ba sai an fassara musu ba. Rahmatou Keïta ta yi fim a kanta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, inda aka same ta a wani ɗan gida a Yamai ba famfo, ita da 'ya'yanta. Daga baya ta fita ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021.

To me ya kashe harkar? A nan ne kalmar "masu zaman kansu" take buƙatar a duba ta. Gaskiya ne ba kamfani ya aike su ba, labarin da suka ga dama suka yi. Amma fim ɗin wancan zamani ba kamar na waya ba ne. Zare ne mai tsada, in ka ɗauka sai an kai shi Faris an wanke kafin ka ga abin da ka ɗauka. A 1963 ma'aikatar Faransa mai hulɗa da tsofaffin ƙasashen mallakarta ta buɗe ofishin fim, tana ba da ɗakin tacewa da ɗan tallafi, ita kuma tana sayen haƙƙin nuna finafinan a cibiyoyin al'adunta. Gidajen silima na yankin kuma kamfanoni biyu na Faransawa ne suka riƙe su, COMACICO da SECMA, su kuwa Indiya da kaboyi ne ke kawo musu ciniki. Kun ga ke nan, kuɗin daga waje, wankin a waje, ajiyar a waje, a gida kuma ba allon da za a haska. Da tallafin ya ja baya, aka karya darajar sefa da rabi a 1994, bidiyo ya shigo, sai gidajen silima suka yi ta rufewa. Shi ya sa yau ni da nake maƙwabcin Ganda nake kallonsa da fassarar Faransanci a ƙasan allo, ina tsayarwa ina duba ƙamus. 'Yan Turmin Danya ba su je Cannes ba, amma sun sami abin da su Ganda ba su taɓa samu ba, wato kasuwa a gida da ke mayar da kuɗi.

Na ɗan ratse zuwa Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, 1986, don labarin namu ne. Daga littafin Abdoulaye Mamani aka ɗauko shi, kan Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi kisan ƙare dangi a Birnin Ƙonni. An so ɗaukarsa a Nijar, abin bai yiwu ba, Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Sakamakon haka Sarauniyar da ke fim ɗin ba Hausa take yi ba, Julanci take yi. Fim ne babba, ya ci kyautar Yennenga a 1987, kuma yadda ya nuna Turawan nan biyu suna haukacewa har sojojinsu suka harbe su, ya yi. Sai dai rabi na biyu kusan duk nasu ne, ita mai sunan sai ta ɓace maka na tsawon lokaci. Na so a ƙara zama da ita.

Yanzu mu tsallako gida Najeriya, inda labarin ya juya. A nan gwamnati ce ta sa kuɗi, don haka Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, ba ya cikin masu zaman kansu. Na sa shi ne don abin da ya same shi. Littafin kun san shi, wasunku sun yi jarrabawa a kansa: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan, wanda da shi aka mai da littafin wasan kwaikwayo, shi ya fito a Shaihun. Malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya warware musu: yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetara sahara da shi ya ba shi ilimi, da yadda mahaifiyarsa ta bazama nemansa ita ma aka bautar da ita. Ya haura awa biyu, kuma yana tafiya ne a hankali kamar ayarin raƙuma. In ka saba da shiri mai dogon zango da ake yanka maka kowane minti da kiɗa, rabin awar farko za ta gwada haƙurinka. Ka daure. Hausar da ke cikinsa kaɗai ta isa dalili, gaisuwa cikakkiya, magana ba gaggawa, ba kalmar aro ko ɗaya da za ta daki kunnenka. Sannan ya nuna abin da finafinanmu na sarauta suke kauce wa. Harin bayi a ciki ba baƙi ne suka zo daga wata duniya suka yi ba, mutanen fada ne, masu irin rigunanmu da irin sunayenmu. Wurin uwar ya fi komai nauyi. Shi ɗan ya zama shaihi, ita kuwa wahalar hanya ta cinye ta, ta gan shi ba da jimawa ba ta cika. Littafin yana ɗaukar wannan a matsayin ƙaddara, amma a fim, da kana kallon fuskarta, sai tambayar ta ƙi kwanciya.

Shekaru da dama ana ɗauka fim ɗin nan ya ɓata. Sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa na wata ƙungiyar masu son fim a Legas suka shiga wani tsohon ginin ajiyar finafinan gwamnati, suka tarar da gwangwanaye jibge cikin ƙura, da yawa sun riga sun lalace. A cikinsu aka tsinci Shaihu Umar. Cibiyar Arsenal ta Berlin ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan Berlin a 2018, sannan ya dawo gida. Fim ɗin Hausa, daga littafin Firayim Ministan farko, da kuɗin gwamnati, shekara arba'in a gwangwani. Sauran na Adamu Halilu, irin su Kanta of Kebbi, da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa na 1991, su nake bin sawu yanzu, in sun zo hannu za mu yi musu nasu shirin.

'Yan uwa na Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram, ku tambayi iyayenku ko akwai wanda ya kalli Cabascabo ko Wazzou a silima lokacin da suka fito, a wane gida, nawa ne kuɗin shiga, me mutane suka ce da aka tashi. Ku rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.